Faifan da Inuwa Ya Kawo daga Ingila

Ulaisha, Riyad
6 ga Maris, 2015

Zuwa ga Baffa Sha'aban,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Yaya gwiwar? Ni ƙalau nake, in ban da mura da ta kama ni makon jiya, ta kuma sake ni. An sabunta min iƙama, wato takardar izinin zama, ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta. Da na ji Hajiya Zaituna mai sarin abaya za ta taho Kaduna, sai na ce bari in zauna in rubuta, tunda waya ba ta yi maka amfani, kuma maganar ta fi ƙarfin saƙon tes.

Tun watan Janairu kamfani ya cire ni daga motar ma'aikata ya ba ni tuƙin wani injiniya Bature, Mista Garside, cikin masu aikin jirgin ƙasan da ake haƙa wa rami a garin nan. Dattijo ne, ya ba hamsin baya, ba shi da surutu. Shekaranjiya da la'asar muka maƙale a cunkoso a hanyar Naseem, an tone titi ta ko'ina, sai ya zaro faifan sidi daga jakarsa ya ce, "Kamil, in saka?" Na ce mafi mushkila, wato ba matsala da Larabcin nan. Na ɗaga gilasai, don nan ba a barin kiɗa ya fita waje.

Baffa, bugu huɗu aka yi wa ganga, wata jita mai kaurin murya ta shigo, kawai sai na ji ƙamshin sabulun wanki da fetur. Na ga tsakar gidanmu na Kakuri ranar Asabar da hantsi, Baba da singileti yana wanke Vesfarsa, ƙofar ɗakinsa a buɗe, wannan kiɗan yana fitowa. Danja ta ba mu hannu ban gani ba, sai da na baya suka ishe ni da hon.

Mista Garside ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Na san kiɗan nan."

Ya yi dariya ya ce, "Da wuya. Ko a ƙasarmu waɗanda suka san shi ba za su cika bas biyu ba."

Sai na bi jitar da baki, har na riga ta zuwa inda take juyawa. Ya cire tabarau ya tsaya yana kallona. Na gaya masa mahaifina Inuwa ya yi kwas na wata tara a Ingila a 1980, masaƙar da kuke aiki ce ta tura shi, kuma ina shekara tara ya rasu.

Ya ce wasu samari ne su huɗu daga wani garin masaƙu a arewacin Ingila, wannan ne faifansu na farko, wai irin kiɗan ana ce masa post-punk. Na rubuta sunansu da manyan baƙaƙe a bayan takardar nan. A jikin kwalin akwai hoton tashar bas ba kowa, ruwan sama ya jiƙe benci. Ina ji kamar na taɓa ganin hoton a babban kwali, a jingine da rediyogaram.

Shi ne ko, Baffa? Ko zuciyata ce ta haɗa min? In shi ne, ina faifan Baba ya shiga? Kai kaɗai ka rage wanda ya san shi tun yana saurayi.

Kaico da kunnenka. Da kana ji, da shi zan aiko maka tsaraba.

Ɗanka,
Kamilu

Tudun Wada, Kaduna
12 ga Afrilu, 2015

Ɗana Kamilu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso hannuna, na gode. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Mahaifiyarka ta ce a gaishe ka, kuma ka riƙa shan ruwan ɗumi, ka rage kwana a gaban na'urar sanyi. An yi ruwan fari ranar Talata, ya ɗaga kwano biyu a kan kicin, an mayar.

Maganar faifai na karanta. E, shi ne, sunan da ka rubuta ne a jikinsa. Faifan ubanka a hannuna ya fashe, shekara goma sha biyar ke nan. Kada ka ƙara yi min maganarsa, kada kuma ka ƙara yi min zancen tsaraba.

Tuƙi ka je yi. Ka sa ido a kan titi, ka riƙe sallarka. Allah ya tsare.

Baffanka,
Sha'aban

Ulaisha, Riyad
15 ga Mayu, 2015

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya, zafi ne ya fara, sitiyari ba ya taɓuwa da rana sai an naɗa masa tawul.

Ka ce kada in ƙara maganar, amma ka yi haƙuri, sau ɗaya zan ƙara. Kwana uku ina juya takardarka. Na san ra'ayinka a kan kiɗa ba irin na da ba ne, tun da ka bar aiki ka koma sahun farko a masallaci, kuma ban isa in ce ka yi kuskure ba. Amma ba naka ba ne da za ka fasa. Vesfar an rabu da ita, gidan Kakuri ya tafi a rikici, hotonsa ɗaya tal ya rage a bangon Inna. Da ka ajiye min faifan har in girma, in ya so ni in zaɓi abin da zan yi da shi.

Duk wanda na tambaya game da Baba sai ya ce mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, Allah ya jiƙansa. Shi ke nan. Ban san abin da yake ba shi dariya ba. Ban san abin da yake tunani ba in ya yi shiru. Shekarata talatin da ɗaya, saura kaɗan in kai shekarun da ya rasu, sai a motar baƙo a wata ƙasa na fara jin wani abu da shi ya zaɓa da kansa don yana so. Kai kuma layi uku ka ba ni.

Kai ka riƙe ni, ban manta ba. Shi ya sa abin ya yi min zafi.

Kamilu

Ulaisha, Riyad
18 ga Satumba, 2015

Zuwa ga Baffa Sha'aban,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka barka da shan ruwa da barka da Sallah da ban yi a kan lokaci ba. Ga Babbar Sallah ta ƙarato. Ina fatan jikinka lafiya. Ni lafiya lau.

Wata huɗu ke nan ban ga rubutunka ba. Sau biyu Hajiya Zaituna tana zuwa, ina zuwa shagonta a kasuwar Batha, tana girgiza min kai tun daga nesa. In na tambayi Inna a waya sai ta ce, "Baffanka yana nan," ta sauya magana. Na san na yi maka rashin kunya. Don Allah ka yafe min. Ko zagi ne ka rubuto, in dai da hannunka ne zan karɓa.

Ba zan ɓoye maka ba, ban daina sauraron faifan ba, sai dai da azumi na ajiye shi. Waƙa tara ce a ciki. Da farko don Baba nake ji, yanzu kuwa har don kansa. Ba kiɗan daɗi ba ne, Baffa. Gangar a bushe take, ba ta sauri ba ta lafawa. Ƙaramar jitar kamar ana yanka kwanon rufi da almakashi, ta shigo ta fita. Babbar jitar ce ke jan ragama, sauran suna bin ta. Mawaƙin kuma bai iya waƙa ba a yadda muka san waƙa, kamar mutum ne yake karanta takardar da ba ya son karantawa. Amma in ka kai ta huɗu sai ka ji ba ƙarya a ciki ko kaɗan. Moussa, mutumin Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, ya ce injin niƙa ne ya lalace aka ɗauka a faifai. Jiya na kama shi yana yanka albasa yana bin gangar da wuƙa.

Mista Garside ya fassara min ta shida. Wai mutum ne yake tashi kullum da asuba yana jiran jiniyar masaƙa, alhali an rufe masaƙar. Ya ce iyayen yaran nan duk masaƙa ne, shi ma ubansa haka, kuma uban ma ƙarar injin ta cinye masa kunne. Na ce masa a Kakuri ma yanzu ciyawa ce a bakin get.

Ina ta tunanin Baba a can, saurayi, cikin sanyi, bai san kowa ba. Nan ma haka ne, zafi ne kawai bambancin.

Ka rubuto, Baffa.

Ɗanka,
Kamilu

Tudun Wada, Kaduna
25 ga Oktoba, 2015

Ɗana Kamilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an yi Sallah lafiya. Ka ga rubutuna ya yi girma kamar na ɗan firamare, dalili shi ne an yi min aikin yanar ido, na dama kafin azumi, na hagu bayan ƙaramar Sallah. Ni na hana mahaifiyarka gaya maka, don kada ka riƙa tuƙi da tunani. Wanda ba ya ji in an rufe masa ido, ba sauran ƙofar da ake shigo masa. Takardunka biyu suna ƙarƙashin matashina wata da watanni, ban yarda kowa ya buɗe ba. Satin jiya na karanta su a jere, ta zafin da ta neman gafarar. Ba fushi nake ba. Laifina ne, na ba ka magana rabi.

Ba fasa faifan na yi ba. Ranar da muka gudo daga Kakuri a shekarar 2000, kana makarantar kwana a Zariya, abu biyu na ɗauka: takardun makarantarka da faifan nan. Na cusa su cikin riga a ƙirjina. A bayan tifa aka loda mu, mutum a kan mutum. Wajen gadar kogi motar ta taka burki, jama'a suka danne ni, na ji shi ya ba da ƙas a haƙarƙarina. Da muka sauka na duba, ya rabu uku. Shi ne abin da nake nufi.

Maganar tsaraba kuwa, ga yadda take. Ni aka zaɓa zuwa Ingila, ba ubanka ba. Na girme shi da shekara huɗu, ni ma na samo masa aikin. An ɗinka min kwat, an ɗauke ni hoton fasfo. Sai likitan masaƙa ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya kai kusa da kunnena ya ce, "Kana ji?" Na ce ina ji. Ya ce, "To yaushe ya daina?" Na kasa faɗa. Shekara tara a ɗakin injin saƙa ta riga ta ci kunnen hagu, ta fara na dama. Aka goge sunana aka sa na Inuwa. Kwat ɗina ya saka ya tafi, an rage masa hannu.

Da ya dawo ya raba tsaraba, kowa da nasa. Ni ya miƙo min wannan faifan, a gaban mutane. Na ce, "Ka rasa abin da za ka kawo wa kurma sai faifai?" Na ajiye masa a ƙasa na fita. Shekara uku muna gida ɗaya ba mu ci abinci a kwano ɗaya ba. To ka ji mutumin da ba ya faɗa da kowa. Taurin kai ne da shi kamar nawa, ko sau ɗaya bai zo ya yi min bayani ba.

Kwana biyu kafin sunanka, ranar Asabar da safe, ina ɗaure ragon suna, sai ya kamo hannuna. Ya ja ni har ɗakinsa ina turjewa. Ya ɗora allura a kan faifai, ya murɗa rediyogaram har ƙarshe, ya danna tafin hannuna a jikin katakon sifika, ya riƙe da ƙarfi. Kamilu, sai na ji shi. Ta hannu ya hau, ya bi kafaɗa, ya zauna a ƙirji. Bugun injin saƙa ne sak, layi na bakwai da nake kula da shi, amma an sa masa hankali, yana zuwa wani wuri.

Ya sa baki a kunnena na dama ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, a wani zaure na gan su, wani abokin aiki ya ja ni. Na tsaya kusa da sifika, ƙirjina yana rawa. Na ce wannan kam Yaya zai ji."

Na ce, "Shi ne ka yi shekara uku ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Ka tsaya in faɗa ne?"

Daga ranar, kowace Asabar tare muke ji har Allah ya ɗauke shi. Bayan rasuwarsa na sa faifan a akwati, ban ƙara kunnawa ba. Ba don wa'azi ba, don ba zan iya ba ne.

Da na ga kalmar tsaraba a takardarka, da rubutunka mai kama da nasa, sai na koma wancan mutumin da ya ajiye faifai a ƙasa. Kai ma ka yafe min.

Ka tambayi abin da yake ba shi dariya. Kwaikwayon tafiyar manaja, da duk wanda ya faɗi a kan keke. Ba shi da kirki a wannan fannin ko kaɗan.

Baffanka,
Sha'aban

Ulaisha, Riyad
27 ga Nuwamba, 2015

Baffa,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara wa idon haske. Ni lafiya. An fara sanyi a nan, har an yi yayyafi.

A cikin mota na karanta takardarka, ina jiran Mista Garside a bakin wurin aiki. Da ya fito ya ga fuskata, ya zagaya ya karɓi makulli, shi ya tuƙa mu. Ban taɓa zama a wancan gefen ba.

Yanzu na tuna, Baffa. Ina ganinka a zaune a ƙasa kusa da rediyogaram, hannunka a jikinta. Duk zatona riƙe ta kake yi don kada ta faɗi, saboda tana girgiza.

Na ba Mista Garside labarin duka. Washegari ya miƙo min faifan da kwalinsa ya ce, "Ka kai wa yayan Inuwa." Na ce shi fa? Ya ce shekara talatin da biyar yana ji, ya haddace.

Buraima, wanda yake aiki a kasuwar kayan lambu ta Aziziya, zai taho hutu ranar Laraba, na ba shi ya kawo maka tare da dabino. Ba dole. In ka sa shi a akwati ma ya isa. Ban kira shi da wancan sunan ba, saƙo ne kawai.

Ɗanka,
Kamilu

Tudun Wada, Kaduna
20 ga Disamba, 2015

Ɗana Kamilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ido yana ta ƙara washewa, har zare na zura a allura jiya don in gwada. Buraima ya kawo saƙo, dabinon ya zaga maƙwabta. Ka yi wa Baturen nan godiya, ka ce masa wani tsohon masaƙi yana gaishe da ɗan masaƙi.

Sati biyu faifan yana kan taga ina kallon kwalin. Hoton ya ƙanƙance, amma bencin nan ne. Jiya Asabar na je wurin Idrisu mai gyaran rediyo, wanda muka yi layi na bakwai tare, shi ma kunnensa ya yi nauyi, na rubuta masa abin da nake so. Ya aro min na'ura da wata tsohuwar sifika ta katako, muka ɗauko a Keke Napep, ya haɗa min a ɗaki ya nuna min inda ake dannawa, ya koma shagonsa.

Na rufe ƙofa, na sa murya ƙasa-ƙasa, don mahaifiyarka Azumi tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin bakin Azumi ya ambaci sunan ubanka ba, kuma ban so in fama mata. Na zauna a ƙasa, na ɗora hannu, na rufe ido. Yana zuwa, amma kaɗan-kaɗan, kamar mota a titin bayan gida. Na ce to, haka ma na gode.

Ana cikin ta biyu sai na ji abin ya taso a tafin hannuna. Ya ƙaru, ya ƙaru, har ya kai kafaɗa. Na buɗe ido. Azumi ce a tsaye a kaina, farantin shinkafa a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan abin murɗawa. Ban san lokacin da ta shigo ba. Ta kai shi ƙarshe, ta je ta buɗe ƙofar ta tokare ta da kujera, ta koma tsakar gida ta zauna a inda ake ajiye Vesfa in da a Kakuri ne, ta ci gaba da tsintarta.

Muka ji tara ɗin duka, ni a ciki ita a waje. Da ya ƙare na leƙo, na ga shinkafar tana nan yadda take, ba ta tsince ko rabi ba. Ta share fuska da gefen mayafi, ta dube ni, ta juya yatsa a iska, wai a maido daga farko.

Sai bayan la'asar muka ci abincin rana.

Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Baffanka,
Sha'aban